Juyin inji a hawan dutse: abin da mai jan tirela ya kamata ya sani

Juyin inji shi ne yawan zagayen da inji ke yi a cikin minti ɗaya. Agogon da ke nuna shi yana gaban direba, kusa da na gudu, kuma a ƙasashen da ake Faransanci ana kiransa compte-tours. Idan an rubuta x1000 a jikinsa, lamba 2 na nufin juyi 2,000 a minti. A lokacin hawa da kaya, wannan agogon da na zafin inji sun fi na gudu muhimmanci.

Inda matsalar take

Direbobin da ke bin hanyar Garwa zuwa Ngaoundéré a Kamaru sun san hawan da ake kira falaise, a yankin Mbé. Garwa tana kwari ne a bakin kogin Binuwai, ita kuwa Ngaoundéré tana kan tudun Adamawa, kimanin mita 1,100 sama da teku. Irin wannan hawa akwai shi a Aledjo ta Togo da kuma hanyar Mambila a jihar Taraba. Yayin da mota ke ƙara hawa, iska na ƙara raguwa, har injin da ba shi da turbo kan yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 1,000.

Juyi nawa ya dace?

Amsar ta danganta da irin injin. Manyan motocin dizal sun fi ja tsakanin juyi 1,000 da 1,500, shi ya sa ake shafa wa wurin koren launi a agogo. A hawa mai tsanani suna iya kaiwa 1,800. Ƙananan motocin dizal, irin su Toyota Hilux, sun fi sakewa tsakanin 2,000 da 3,000. Injin fetur kuwa yakan buƙaci 3,000 zuwa 4,000, kuma ƙarar da yake yi a nan ba alamar lalacewa ba ce. Littafin motar ne ke da adadin ƙarshe. Doka ɗaya ce ta haɗa su duka: kada allura ta shiga jan layi.

Haɗarin babbar giya

Direbobi da yawa na tsoron ƙarar inji, sai su bar mota a babbar giya suna danne totur har ƙasa. Wannan ya fi cutar da inji. Juyi ya yi ƙasa, kaya ya yi nauyi, sai mota ta riƙa kakkarwa tana fitar da baƙin hayaƙi. Famfon ruwa da inji yake juyawa, don haka ruwan sanyaya yakan rage gudu daidai lokacin da zafi ke ƙaruwa. Alamar a bayyane take: idan an taka totur mota ba ta amsa ba, lokacin rage giya ya yi. Ya fi kyau a rage tun daga gindin dutse, domin canjin giya a tsakiyar hawa na iya sa mota ta tsaya ko ta koma da baya. Mai mota otomatik ya riƙe ta a ƙaramar giya, kada ta yi ta sauyawa sama da ƙasa, don hakan na ɗumama man giya.

Idan zafi ya tashi

A kashe na'urar sanyaya ciki, a rage giya da gudu. In allurar zafi ta ci gaba da hawa, a nemi wuri a faka, a sa waigi a taya, a bar inji yana aiki a hankali har ya huce. Idan ruwa na zuba ko tururi na fita, a kashe shi nan take. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Injin turbo ma yana son 'yan mintuna kafin a kashe shi bayan doguwar hawa.

Gangara

Giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka, ko wadda ke ƙasa da ita. Kada a saki mota babu giya. Nauyin tirela na tura inji ya wuce iyaka, saboda haka da allura ta doshi ja sai a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki. Ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa shi ke ƙona shi, ya ƙi kamawa a kwanar da aka fi buƙatarsa.