Baje kolin bindigogi a Amurka: abin da ya rage masa jama'a da ciniki

Baje kolin bindigogi kasuwa ce ta ɗan lokaci da ke ci a garuruwan Amurka, galibi Asabar da Lahadi, cikin manyan ɗakunan taro ko filayen baje kolin amfanin gona. Kamfani mai shirya taron ne ke hayar wurin, ya jera tebura, ya ba ƴan kasuwa hayarsu, sannan ya karɓi kuɗin shiga daga jama'a, sau da yawa tsakanin dala 10 da 20. A kan teburan ana samun bindigogin farauta, ƙananan bindigogin hannu, harsasai, wuƙaƙe, tsofaffin kayan soja da makaman da aka ajiye don tarihi. A ƴan shekarun nan wannan kasuwa ta yi sanyi a wurare da dama, kuma a wasu garuruwa ta daina ci gaba ɗaya. Sanyin bai nuna cewa Amurkawa sun rabu da bindiga ba. Cinikin ne ya sauya hanya, kuma yana hawa da sauka gwargwadon fargabar da jama'a ke ciki.

Asalin kasuwar

Gyara na 2 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a shekara ta 1791 ya ba jama'a ƴancin mallakar makamai. Wani ƙiyasi da cibiyar Small Arms Survey ta birnin Janiba ta wallafa a 2018 ya nuna cewa fararen hular Amurka na riƙe da bindigogi wajen miliyon 393, wato bindiga 120 ga kowane mutum 100.

Da farko waɗannan tarurruka na masu sha'awar tara tsofaffin makamai ne, inda suke musaya tsakaninsu. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisar dokoki ta kafa doka da ta tsaurara sharuɗɗan takardar izinin sayar da bindiga. Dillali mai takarda kan yi cinikinsa ne a shagonsa. Wata doka ta 1986 ta tabbatar masa da damar ɗaukar kayansa zuwa baje koli a cikin jaharsa, ta kuma ce mutumin da ke sayar da bindigarsa jefi-jefi ba ya buƙatar takardar izini. Daga nan kasuwar ta bunƙasa. Wani rahoton gwamnati na 1999 ya ƙirga tarurruka fiye da 4,000 a shekara guda, wani kuma na ma'aikatar shari'a a 2007 ya ƙiyasta su tsakanin 2,000 da 5,200. Ɗaya daga cikin mafi girma shi ne na garin Tulsa a jahar Oklahoma, wanda ke ci sau biyu a shekara da tebura fiye da 4,000.

Masu sayarwa iri biyu

Duk gardamar da ake yi a kan wannan kasuwa ta samo asali ne daga bambanci guda. A ɗakin taro ɗaya akwai dillali mai takardar izinin gwamnatin tarayya, akwai kuma mutum mai zaman kansa da ya kawo bindigoginsa. Dole ne dillalin ya sa mai saye ya cika takarda, sannan ya nemi a binciki sunansa. Wannan bincike ya fito daga dokar Brady ta 1993, kuma tun watan Nuwamba na 1998 hukumar FBI ke gudanar da shi ta wani tsarin kwamfuta mai suna NICS. Idan mai sayen tsohon mai babban laifi ne, ko kuma kotu ta hana shi riƙe makami, ciniki ya ɓaci. Shi kuwa mai zaman kansa, dokar tarayya ba ta tilasta masa binciken kowa ba, sai fa in jaharsa ta tilasta. Masu neman a tsaurara doka na kiran wannan giɓin baje koli. Masu kare ƴancin bindiga na cewa babu wani giɓi, tun da doka ɗaya ce ke aiki a ɗakin taro da wajensa.

Maganar ta yi zafi bayan ranar 20 ga Afrilu 1999, lokacin da wasu ɗalibai biyu suka kashe ƴan uwansu ɗalibai 12 da malami guda a makarantar lise ta Columbine a jahar Kolorado. Uku daga cikin bindigogi huɗu da suka yi aiki da su, a wani baje koli aka sayo musu, daga hannun masu zaman kansu. Wata guda bayan haka majalisar dattawa ta amince da ƙudirin tilasta bincike a irin waɗannan tarurruka, da ƙuri'ar mataimakin shugaban ƙasa Al Gore da ta raba gardama, amma ƙudirin ya mutu a majalisar wakilai. A 2000 al'ummar jihohin Kolorado da Oregon suka kafa dokar da kansu ta hanyar ƙuri'ar jin ra'ayi. Yanzu jihohi wajen 20 ke tilasta bincike ko neman takardar izini a cinikin masu zaman kansu, wasu ga kowace irin bindiga, wasu ga ƙananan bindigogin hannu kawai.

Ciniki mai bin fargaba

Ma'aunin da ƴan kasuwa da ƴan jarida ke dubawa don gane ƙarfin ciniki shi ne yawan binciken NICS. Tarihin alƙaluman ya nuna abu guda: Amurkawa kan ruga sayen bindiga idan suna jin za a hana su, ko kuma idan suna tsoron tashin hankali. An ga haka bayan zaɓen Barack Obama a 2008. An sake gani bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a watan Disamba na 2012, lokacin da aka yi ta dogayen layuka a ƙofofin baje koli, harsasai suka yi wuyar samu.

Da Donald Trump ya ci zaɓe a 2016, fargabar hana saye ta kwanta, ciniki ma ya kwanta. Yawan binciken ya sauko daga wajen miliyon 27 da rabi a 2016 zuwa wajen miliyon 25 a 2017. Kamfanoni da dillalai da suka tara kaya suna jiran nasarar Hillary Clinton suka rasa masu saye. Kamfanin Remington, wanda aka kafa tun 1816, ya shigar da takardun karayar arziki a watan Maris na 2018.

Shekara ta 2020 ta kafa tarihi. Annobar korona, zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd da zaɓen shugaban ƙasa suka haɗu, binciken NICS ya kai kusan miliyon 40. Ƙungiyar masana'antun makamai ta NSSF, wadda ke cire binciken da ba na saye ba, ta ƙirga wajen miliyon 21 a wannan shekara. Sai dai baje koli bai ci moriyar wannan ribibi sosai ba, domin dokar hana taro ta rufe ɗakunan a jihohi da yawa na tsawon watanni. Ko babban taron shekara na ƙungiyar NRA, mai fafutukar ƴancin bindiga, an soke shi a 2020 da 2021. Daga nan alƙaluman NSSF suka riƙa raguwa kowace shekara: miliyon 18 da rabi a 2021, wajen miliyon 16 a 2022 da 2023, wajen miliyon 15 a 2024. Bindiga kaya ce mai daɗewa, wanda ya saya bara ba lalle ya sake saye bana ba. Ga kuma tsadar rayuwa da ta matse aljihu tun 2021.

Intanet ta janye masu saye

Babban abin da ya rage wa baje koli daraja shi ne intanet. A da, mai neman wata tsohuwar bindiga ko wani ƙaramin ƙarfe na gyara sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa taro, domin nan ne kaɗai zai ga kaya iri-iri wuri guda. Shafin gwanjo na GunBroker, da aka buɗe a 1999, ya kawo wannan kasuwa cikin ɗaki. Mai saye ya zaɓa ya biya, a aika bindigar zuwa shagon dillali mai takarda a garinsa, a binciki sunansa a can, ya karɓa. Shafukan talla irin su Armslist kuma na haɗa masu zaman kansu kai tsaye. Facebook ya hana irin wannan ciniki a shafinsa a watan Janairu na 2016, amma sauran hanyoyin na nan.

Wayar salula ta kashe wa dillali wata riba. Mai saye na tsaye gaban tebur, ya duba farashin kayan a intanet, ya ga ya fi sauƙi a can. Shi kuwa dillalin ya riga ya biya hayar tebur, man mota da ɗakin kwana, don haka ba zai iya rage kuɗi sosai ba. Mai sayen ma ya biya kuɗin shiga, wani lokaci da na ajiye mota. Idan dillalan bindiga suka janye, mai shirya taro kan cike teburan da masu sayar da busasshen nama, tufafi da kayan ado, abin da ke ƙara korar waɗanda suka zo don makamai.

Masu sayen ma sun sauya. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya gano cewa kashi 72 cikin 100 na masu bindiga sun ce kare kai ne babban dalilinsu. Irin wannan mai saye bindigar hannu ɗaya yake so, sabuwa, daga shago mai filin koyon harbi. Masu tara tsofaffin makamai, waɗanda su ne ƙashin bayan baje koli, yawancinsu sun manyanta.

Ƙofofin da hukumomi suka rufe

Yawancin manyan filayen baje koli mallakar jaha ne ko na ƙaramar hukuma, kuma nan ne masu adawa suka danna. A Kaliforniya, hukumar da ke kula da babban ɗakin Cow Palace, kusa da birnin San Faransisko, ta yanke shawara a 2019 cewa ta daina karɓar baje kolin bindigogi. A 2022 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar da ta hana sayar da bindiga da harsashi a duk wani fili na jahar. Masu shirya tarurrukan sun kai ƙara, amma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba jahar gaskiya a watan Yuni na 2024. Ɗakunan ƴan kasuwa ba su kai waɗancan girma ba, kuma hayarsu ta fi tsada.

A matakin tarayya, bayan kisan yara 19 da malamai 2 a garin Uvalde na jahar Teksas a watan Mayu na 2022, Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta faɗaɗa ma'anar mai sana'ar sayar da bindiga. A watan Afrilu na 2024 hukumar ATF ta fitar da ƙa'ida cewa duk mai yawan saye da sayarwa don neman riba sai ya mallaki takardar izini, ko a ina yake ciniki. Teksas da wasu jihohi suka kai ƙara, wani alƙali ya dakatar da ƙa'idar a jihohin da suka yi ƙarar.

Matsin ba daga ɓangare guda yake zuwa ba. A 2013 kamfanin da ke shirya babban baje kolin kayan farauta na garin Harrisburg a jahar Pensilbaniya ya hana kawo bindigogi samfurin na soja. Ƴan kasuwa suka ƙaurace, taron ya rushe, kuma daga 2014 NRA ce ke shirya wanda ya maye gurbinsa.

Abin da raguwar ke nufi ga tsaro

Rufe baje koli ba ya toshe hanyar da masu laifi ke samun makamai. Wani bincike da ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'ar Amurka ya yi a gidajen kaso a 2016 ya tambayi fursunonin da ke riƙe da bindiga lokacin da suka aikata laifi inda suka samo ta. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne suka ce a baje koli. Kashi 43 sun ce a kasuwar bayan fage, wajen kashi 25 kuma daga dangi ko abokai. Masu kare kasuwar na kafa hujja da wannan. Masu adawa kuma na cewa bindigar da ke kasuwar bayan fage daga wani wuri ta faro, kuma rahotannin ATF sun daɗe suna lissafa baje koli cikin hanyoyin da masu fataucin makamai ke sayen kaya da yawa kafin su sayar a ɓoye.

Cinikin da a da ake yi a ɗaki guda, inda ƴan sanda ke iya tsayawa a ƙofa, yanzu ya watsu zuwa shafukan intanet da wuraren ajiye motoci inda mutum biyu ke haɗuwa su yi musaya. Shi ya sa jihohin da ke tsaurara doka a yanzu suka daina maganar baje koli kaɗai, suka koma neman a binciki kowane mai saye a duk inda aka yi cinikin.