Zane a Kan Zane

Sake aiki a kan tsohon zane tsohuwar al'ada ce, kuma a ƙasar Hausa misalinta mafi kusa shi ne allo. Daga tsangayun Kano har makarantun allo na unguwar Kilomita Biyar a Bangui, inda 'yan kasuwa Hausawa suka daɗe da zama, ɗalibi yakan rubuta, ya haddace, ya wanke, ya sake rubutu. Icen yana shan tawada a hankali, shi ya sa tsohon allo yake duhu, kuma shatin tsofaffin layuka ba ya ɓacewa duka.

A wurin magina abin ya fi yawa. Ginin ƙasa ba ya zama ba gyara; damina tana cin yaɓe, da rani a sake shi. Masu zanen gida na Zariya, Kano da Damagaram sukan fitar da adon ƙofar zaure da ɗanyen yaɓe, su rufe da makuba ko laso don ruwa. In gida ya canza hannu, ko mai shi ya samu arziki, sai a kira gwani ya ɗora sabon ado. Wajen tsakiyar ƙarni na 20 siminti da fentin kanti suka shigo, keke, mota da jirgin sama suka samu wuri kusa da dagi. Wannan kaɗai ya isa shaida: bangon da ke ɗauke da jirgin sama, ko da ginin na zamanin kakanni ne, adonsa ɗan baya-bayan nan ne. Inda yaɓe ya ɓare kuwa, ana iya ƙirga hawa-hawansa, ƙasa a ciki, laso a kai, siminti da fenti daga waje.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, ya ga irin nasa sauyin. A shekarun 1970 aka kewaye ɗakin sallarsa da sabon gini, bakan gizon da Gwani ya ɗaure suka zauna a ciki. Aikin ya tsare su daga ruwa, amma ya ɗauke wa masallacin fuskarsa ta asali.

Masu nazarin rubutattun littattafai suna da tasu dabarar. Sukan ɗaga takarda zuwa haske su duba tambarin da ke cikinta, galibi jinjirin wata uku na takardun Italiya da fatake suka ƙetaro da su Sahara. Wurin da aka kankare yakan yi sirara, tawadar da aka ƙara daga baya kuma launinta daban.

A Turai tsadar ƙyallen zane na cikin abin da ya sa masu zane rufe tsohon aiki. Bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, aka lura farin fenti mai darma yana tare hasken, don haka abin da ke ƙasa yana fitowa a hoto. A 2008, a Hamburg, masu bincike suka fito da fuskar wata mata daga ƙarƙashin zanen ciyawa da Van Gogh ya yi a 1887.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin hannun wa ya rufe. Tun 1979 eksire ya nuna akwai hoton wani yaro a bangon zanen Vermeer na yarinya mai karanta wasiƙa, a Dresden, aka ɗauka Vermeer ne ya shafe shi da kansa. A 2017 aka binciki ɗan ɓarɓashin fentin, sai ga dauɗa kwance tsakanin hawa biyu, alamar shekaru sun wuce kafin a rufe. Aka kankare rufin, aka nuna zanen a 2021.

Masu jabu ma sinadari ke kama su. Wolfgang Beltracchi ya yi zane ya danganta shi ga Heinrich Campendonk da shekarar 1914, amma aka samu farin titaniyam a ciki, wanda bai shiga kasuwa ba a lokacin. Kotu a Kolon ta ɗaure shi shekara 6 a 2011.