Samfurin bayanan gini

samfurin bayanan gini (sn., nm.; jam. samfuran bayanan gini, a taƙaice BIM)

1. Siffar gini da ake haɗawa a kwamfuta, mai nuna tsawo da faɗi da bisa, inda kowane sashe, kamar bango, ƙofa, bututun ruwa ko wayar lantarki, ke ɗauke da bayaninsa: kamfanin da ya ƙera shi, ranar da aka saka shi, da lokacin dubawa ko sauyawa. Ana haɗa shi da manhajoji irin su Revit da ArchiCAD.

2. Kundin da magina ke miƙa wa mai gini bayan kammala aiki, don kula da kadarori da tsara kuɗin gyara. Ƙa'idar ISO 19650-3 ta 2020 ta tanadi yadda ake sarrafa bayanan. Amfaninsa na dogara ne da sabunta shi bayan kowane gyara.

Misali: Da samfurin, mai kula da gini irin Babban Asibitin Kankiya ko sakatariyar ƙaramar hukumar Kusada zai san hanyar kowane bututu ba sai ya fasa bango ba, ya kuma gyara rufi kafin damina.