Fam 350 da kayan ɗakin Mary Kate: gardamar da ta ƙi mutuwa a Ayilan

Wani mai karatu ya aiko da tambaya bayan ya kalli An Cailín Ciúin, fim ɗin 2022 na Colm Bairéad kan yarinyar da aka kai riƙo wurin dangi. Ya ce, me ya sa duk hirar finafinan iyali na Ayilan sai ta koma kan wani tsohon fim da Ba'amurke ya shirya? Fim ɗin da yake nufi shi ne The Quiet Man na 1952, kuma mutanen Ayilan kansu har yau ba su gama rigima a kansa ba.

John Ford, wanda ya shirya shi, a Amurka aka haife shi, amma sunan gidansu Feeney, kuma mahaifinsa daga ƙauyen Spiddal na yankin Galway ya yi ƙaura. Ford ya karanta gajeren labarin Maurice Walsh da ya fito a 1933, ya sayi izinin mayar da shi fim, sai ya shafe shekara da shekaru yana yawo da shi, manyan kamfanonin Hollywood suna ce masa ba zai kawo ko sisi ba. Daga ƙarshe Herbert Yates na kamfanin Republic ya yarda, amma da sharaɗi: sai Ford ya fara yi masa fim ɗin dawakai da bindiga da John Wayne da Maureen O'Hara, don cike asarar da yake hangowa. Haka aka haifi Rio Grande a 1950. A 1951 suka sauka a ƙauyen Cong na yankin Mayo don ɗaukar The Quiet Man.

Labarin bai da wuya. Sean Thornton, wanda Wayne ya fito a matsayinsa, ɗan dambe ne da ya kashe abokin karawarsa bisa tsautsayi, ya rantse ba zai ƙara ɗaga hannu ba, ya bar Amurka ya dawo ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Ya auri Mary Kate Danaher. Yayanta Will, mai taurin kai, ya riƙe mata dukiyar da ya kamata ta tare da ita: kayan ɗakin da ta gada daga uwa da kaka, da kuɗi fam 350. Washegarin biki mutanen gari suka kwaso mata kayan ɗakin, kuɗin kuwa Will ya ce sai dai a mutu. Ango ya ce a bar masa tsiyarsa, shi mata ya aura. Amarya ta ce ai kuwa ba ta zama matarsa ba tukuna.

Inda ake gardamar shi ne ƙarshe. Mary Kate ta yi yaji ta nufi tashar jirgin ƙasa. Sean ya fizgo ta daga cikin tarago, ya ja ta a ƙasa ta cikin saura da makiyaya har gaban yayanta, gari guda na biye suna shewa, har wata dattijuwa ta miƙo masa sanda. O'Hara, wadda ta fito a matsayin Mary Kate, ta faɗa daga baya cewa filin cike yake da kashin tumaki, kuma da gangan aka ƙi share shi.

Masu suka sun ce wannan wulaƙanta mace ne aka mayar abin dariya, kuma fim ɗin ya nuna ɗan Ayilan a matsayin mashayi mai son faɗa. Suna da hujja mai ƙarfi: a shekarun 1950 mutum wajen dubu 400 talauci ya kora daga ƙasar, alhali a fim ɗin kowa ƙoshi yake, ciyawa kore shar. Wasu kuma, irin su Luke Gibbons da ya rubuta littafi guda kan fim ɗin a 2002, suna ganin Ford ya san abin da yake yi, mafarkin ɗan ci-rani ya zana, wanda ke tuna gida fiye da yadda gidan yake.

Ni na fi karkata ga na biyun, kuma dalilina kayan ɗakin nan ne. Duk wanda ya ga yadda amarya a ƙasar Hausa ke ji da jerenta, yadda gado da kwanuka ke zama nata ko aure ya mutu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mary Kate ba kwaɗayin kuɗi take ba. Ba ta so ta shiga gidan miji hannu rabbana, kamar wadda aka tsinta. Shaida kuwa, da Will ya jefo kuɗin a fusace, ita da kanta ta buɗe murfin tukunyar injin sussuka, mijin ya watsa su cikin wuta, ta juya ta nufi gida ta ɗora girki tana taku ɗai-ɗai. Yajin dabara ce, kuma ta ci. Jan da aka yi mata a ƙasa dai ba shi da daɗin kallo, ko a faɗa ko a bari.

Fim ɗin ya ba Ford kyautar Oscar ta huɗu ta gwarzon darakta. Waɗanda suka biyo baya kamar sun yi alkawarin kwance masa zani. My Left Foot na 1989 ya shiga gidan talaka mai 'ya'ya rututu a Dublin, The Snapper na 1993 ya ɗauko cikin shege a gidan lebura, The Magdalene Sisters na 2002 ya tona gidajen wanki da coci ke kulle 'yan mata, Brooklyn na 2015 ya juya tafiyar, mace ce ke barin gida. An Cailín Ciúin ya zama fim na farko da harshen Ayilan da ya kai zagayen ƙarshe na takarar Oscar ta finafinan ƙasashen waje.

A Cong kuwa, tun 2013 akwai gunkin tagulla na Wayne da O'Hara a bakin titi, inda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. A gunkin, ɗauke yake da ita cak a hannu biyu.