Sojan da Aka Yi wa Sadakar Arba'in Ya Dawo da Ƙafarsa

Mu da muka sa kaki muka yi ritaya a Hayin Banki, tarihin aikinmu a rubuce yake a ƙofar barikoki. Dalet da ke nan Kawo, da Kalapanzin, da Chindit ta Zariya, duk sunaye ne da magabatanmu suka kwaso daga yaƙin Bama. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma su ne suka kutsa dazukan Arakan suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshi Turawa sai da suka koye ta.

Bariki na tuna filin daga, ranar 15 ga Janairu kuma ana ajiye furanni don waɗanda suka kwanta dama. Wanda har yau aikin soja bai san inda zai ajiye shi ba shi ne wanda aka kama, ko ya ɓace a hannun abokan gaba, aka soke sunansa, sannan ya dawo.

Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga Emure-Ile kusa da Owo, yana ɗan shekara 16 ya shiga soja, aka sa shi cikin masu jinya. Ranar 2 ga Maris 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan. Harsashi ya farfasa masa ƙafa, suka duba shi suka bar shi ya mutu. Wani manomi Musulmi ɗan Rohingya mai suna Shuyiman ya ɓoye shi a gidansa tare da Saje David Kargbo na Saliyo, yana ciyar da su, alhali ya san in an gano kashinsa ya bushe. Wata tara suna ɓoye kafin a ceto su. Da Fadoyebo ya isa garinsu yana ɗingishi, sai mutane suka riƙa watsa masa ƙasa don su tabbatar ba fatalwa ba ce. Ya rasu a 2012, kuma da bai rubuta labarinsa da hannunsa ba, da ya bi shanun sarki.

Namu Hausawan yawanci ba su rubuta ba. A gidan Bahaushe, idan takarda ta zo cewa soja ya ɓace, hawaye ba ya hana lissafi: a yi sadakar uku da ta arba'in, mata ta shiga takaba, 'yan'uwa su fara zancen gona. To ranar da ya yi sallama a zaure fa? Murna ta kwana biyu ce, daga nan sai zaryar ofis da tsohuwar lambarsa a hannu, yana neman ya gamsar da akawu cewa yana raye. Ga kuma tambayar da ba a furtawa amma yana ganinta a idon abokan faretinsa: yaya aka yi ka miƙa bindiga? Wannan zalunci ne, domin mai rauni da harsashinsa ya ƙare ba matsoraci ba ne.

Waɗanda suka yi yaƙin Bama sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 duk sun haura saba'in, suna nan a masallatan Kawo da Unguwar Dosa da layin fansho. Ƙungiyar 'yan mazan jiya da Gidan Arewa su tura matasa da rakoda su zauna da su, a ɗauki bayaninsu da Hausa tun suna iya magana.