Mun Gaji Aikin, Ba Mu Gaji Hutun Ba

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, wadda ƙasar Hausa ke cikinta. Su ne Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas. Sauran biyun suka nufo arewa, kuma kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi gida. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, can ma cikin mutum huɗun da suka fara, ba a daɗe ba Banfield kaɗai ya rage a bakin aiki.

Wannan labari kun sha jinsa a wa'azi, ana ba da shi a matsayin misalin sadaukarwa, kuma haka yake. Amma yana da ci gaba wanda ba a cika faɗa mana ba, wato abin da mishan ɗin SIM ta koya daga waɗannan kaburbura.

Ta koyi cewa ma'aikaci yana da jiki. Tun 1854 likita William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgi yana ba mutanensa kwinin, ya fita bai rasa ko mutum ɗaya ba. Sannu a hankali shan maganin zazzaɓi da tafasa ruwan sha suka zama ka'ida ga Turawan mishan. Dakta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, ya zo a 1902, ya yi aiki har ya rasu a 1948, shekara 46 ke nan a ƙasar da ta cinye na farkon cikin shekara guda. Bingham kansa ya rubuta littafi mai suna The Bible and the Body, inda ya ƙi koyarwar da ke cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Mutumin da ya rasa abokai ne ya rubuta shi.

Ba a tsaya ga magani ba. An gina gidan hutu a Miango, kusa da Jos, inda ke da sanyi, domin ma'aikaci ya bar tasharsa ya je ya huta. An tsara cewa bayan 'yan shekaru kowa ya koma ƙasarsa hutu mai tsawo. A 1946 aka buɗe makarantar 'ya'yan ma'aikata a Miango, aka sa mata sunan Kent. Ku lura, babu ɗaya cikin waɗannan da aka bar wa ra'ayin mutum. Ba wanda ya jira sai ya ji gajiya ya roƙi izini. Hutu yana cikin tsarin aikin, da kuɗinsa da lokacinsa.

Da wannan tsari bishara ta iso ƙasar Kano. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan shiga masarautu, sai a shekarun 1930 aka sassauta. SIM ta zauna a Kano a 1933, ta karɓi aikin jinyar kutare, ta buɗe asibitin ido a 1943, ta kuma yi tashoshi a garuruwa irin su Roni, Tofa da Karaye. Daga irin waɗannan wurare ne aka riƙa shiga gidajen Maguzawa, waɗanda ba a cikin gari suke ba, a warwatse suke cikin gonaki.

To, wa ya riƙa shiga? Bature yakan zo ya koma. Wanda ya zauna shi ne mai bishara ɗan ƙasa, da kekensa in yana da shi. Shi ne mai wa'azi, shi ne malamin karatun boko na yamma, shi ne mai raka mara lafiya shan magani, shi ne mai sulhu in an yi rikicin aure ko na iyakar gona. Kuma manomi ne, domin abin da ake ba shi ba ya ciyar da gida. An kafa ECWA a 1954, a 1976 SIM ta miƙa mata ayyukanta. Muka gaji majami'u da makarantu da asibitoci. Tsarin hutun kuwa, wanda tun farko domin Turawa aka yi shi, bai sauko har kan mai bisharar ƙauye ba. A Hausa kalma ɗaya muke rubutawa ga wanda ya ci gado da wanda ƙarfinsa ya ƙare, kuma bayin Allah da yawa a wannan yanki sun gaji ta fuska biyun.

Kada in yi wa iyayenmu rashin adalci. Suna da wani hutu da ba a rubuta ba, wanda shekarar manomi ke bayarwa. Da damina kowa na gona, taruka sukan ragu. Bayan kaka, in dawa ta shiga rumbu, rani ya buɗe lokacin ziyara da taron zumunci da karatu. Amma wannan ma ya canja. Tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a ƙasar Karaye a farkon shekarun 1990, noman rani ya zama sana'ar mutane da yawa. Ga babur ya gajarta hanya, ga wayar hannu. Fasto a Rogo yau ana iya kiransa tsakar dare daga wani gida da ke kan iyakar Katsina ko Kaduna, kuma ana sa ran ya taso. Ranin da ya kasance sarari ya cika da taron LCC, taron DCC, biki da jana'iza.

Akwai kuma kunya. Bahaushe ba ya son ya ce ya gaji, balle wanda aka ɗora wa hannu. Sai ka ga fasto yana fama da hawan jini yana ɓoyewa, don kada dattawa su ce ba shi da himma. Matarsa ce ke ɗauke da sauran nauyin: girkin baƙi, zumuntar mata, gona, 'ya'ya, ba tare da wani ya taɓa tambayar yaushe ta huta ba. Alhali Nassi bai ji wannan kunyar ba. A 1 Sarakuna 19, abinci da barci Allah ya fara ba Iliya kafin ya yi masa maganar aiki. A Fitowa 18, surukin Musa ne ya gaya masa a fili cewa zai kashe kansa da mutanen, ya raba nauyin. A Markus 6, Yesu ne ya janye almajiransa gefe lokacin da ko sukunin cin abinci ba su da shi.

Ni a ganina, kuskuren da ɗalibi zai yi shi ne ya ɗauka wannan magana ta niyyar zuciya ce. Niyya ba ta hana wayarka ƙara. Abin da ya ceci mishan tsari ne da aka yarda da shi tun kafin a gaji. Saboda haka, ranar da aka tura ka ikkilisiya, a zamanka na farko da dattawa, tun fuska na sake, ka kawo maganar. Wace rana ce a mako ba za a neme ka ba sai don rasuwa ko ciwo mai tsanani? Waɗanne dattawa biyu za ka koya wa wa'azi, don bagade kada ya zauna babu kowa in ka yi tafiya? Nawa za a ware daga baiko domin ka je a auna jininka da na matarka sau ɗaya a shekara? A rubuta amsar a littafin taro, sakatare ya sa hannu, a aika wa LCC da kwafi, domin wanda zai canje ka ya tarar da ita.