Yadda Karin Indiya Ya Zama Ɗan Gari a Kano

Duk sanda aka tashi zancen waƙoƙin finafinan Hausa, ba a rasa mai cewa kwaikwayon Indiya ne kawai, ba namu ba ne. Mu da muka tashi muna jin waƙoƙin nan a rediyon mai shayi da gidajen biki, maganar takan taɓa mu, domin tamkar ana ce mana abin da ya raine mu baƙo ne. Shi ya sa ya kamata mu bi sawun tarihi mu ga ta ina baƙon ya shigo, kuma yaushe ya sami wurin zama.

Aro ba sabon abu ba ne a kiɗan Hausa. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki fadar Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Algaita kuwa ko sunanta daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo. Malaman jihadi na ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u, sun ɗora waƙoƙinsu na Hausa da Fulatanci a kan ma'aunin waƙar Larabci. Yau babu mai jin kakaki a hawan Sallah ya ce baƙon abu ne.

Karin Indiya ta ƙofar silima ya shigo. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan, su ne suka riƙe harkar gidajen kallo a Arewa. A shekarun 1950 suka fara kawo finafinan Indiya, sai ga shi sun kere na Amurka karɓuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe ya ga mace da mayafi, ya ga ɗa yana durƙusa wa mahaifinsa, ya ga budurwar da za a aurar wa wanda ba ta so. Kunnensa ma ya tsinci kalmomin da ya sani, irin su duniya da zamani, domin Hausa da Urdu duk sun sha daga Larabci. Fim irin Mother India na 1957 ya daɗe ana maimaita shi a gidajen kallo, daga baya talabijin ta kai irinsa har tsakar gida.

Makaɗan gargajiya ne suka fara gwada aron. Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin waƙar fim ɗin Indiya ya zuba shi a goge da kalmomin Hausa. Bayansa aka sami matasan masu bege a Kano, waɗanda suka riƙa ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin finafinai suna buga bandiri, har wata ƙungiyarsu ta sa wa kanta suna Ushaƙu Indiya. Wasu malamai sun ƙi abin, su kuwa matasan hujjarsu ita ce sun ƙwato karin daga soyayyar duniya sun kai shi inda ya fi cancanta.

Da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, hanya ta riga ta buɗe. Abin da ya ƙara wa tafiyar sauri shi ne fiyanon Yamaha, wanda da shi mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki zai yi aikin makaɗa biyar. Wajen shekarar 2000 waƙar fim ɗin Sangaya ta karaɗe Arewa, ta tsallaka Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana. Tsarinta na saurayi ya yi baiti budurwa ta amsa daga allon silima ya fito, amma kuma ya yi daidai da bayarwa da amshin da 'yan mata suka saba a dandali. Na'urar ta Japan ce, karin yana da ƙamshin Indiya, harshen da kunyar da ke cikinsa na Kano ne. Salon da muke kira nanaye ke nan. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kuma tun daga lokacin rawa da waƙa ba su daina zama abin jayayya ba.

Masu suka ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali suke canza ma'ana a cikinsa. Kalangun da ke bayan Mamman Shata magana yake yi, yana bin muryar kalma. Karin Indiya kuwa yana son jan wasali, kuma mawaƙin da ya ja wasalin farko na gari, to ya mayar da garin mutane garin tuwo. Mawaƙan da suka ƙware, irin su Aminu Ala, su ne suka lanƙwasa karin ya bi kalma, maimakon kalma ta bi karin. A nan ne aro yake zama mallaka.

Akwai kuma hasarar da ba a cika faɗa ba. Mu da muke rubuta manhaja mun san kowace na'ura tana zuwa da zaɓin wanda ya ƙera ta. A jerin sautukan fiyanon akwai sitar ta Indiya da sarewar Turai, amma babu kotso, babu gurmi, babu kuntigin Ɗan Maraya Jos. Mai kiɗa a situdiyo yakan zaɓi abin da ya fi kama da su ne kawai, makaɗin gaske kuma gayyatarsa biki tana raguwa, ɗansa ya kama wata sana'ar.

Ba mu jin tsoron karin Indiya, ko na hip-hop da ya biyo bayansa. Birnin da ya karɓi Larabawa da Kwarori da Nufawa da Yarabawa dole waƙarsa ta yi kama da kasuwar Kurmi. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne mu je wurin tsofaffin makaɗan da suka saura, mu naɗi sautin kayansu da yardarsu da haƙƙinsu, mu saka shi cikin manhajojin da yaranmu suke haɗa kiɗa da su, don in sun buɗe jerin sautuka su tarar da kalangu a kusa da sitar.